Maganar Da Babu A Kwafin Kowa

Shafi na 27

Na ga saƙonninku, masu cewa na cika jan rai, har da baiwar Allahn da ta rantse za ta daina bibiyata idan ban sa mijin Auta, Mai Haƙori, ya buɗe baki ba. To 'yar'uwa, yau zai buɗe. Ki dai ajiye kofin shayin nan tukuna, kada ki ƙona cinya ki ce ni ce.

Ranar Asabar da rana Auta tana zaune a ɗan ɗakin da ta mayar wurin aiki, wanda ta lulluɓe bangonsa da tsofaffin barguna don kada murya ta riƙa dawowa. A gida Auta ake ce mata. A wajen masu kallonta kai tsaye a intanet kuwa Alƙaliya ce, don aikinta ke nan, ta buga wasannin soyayyar Japanawa masu ban dariya a gabansu, in ta gama ta yanke hukunci. Irin wasannin nan ne da ba gudu ba harbi. Labari ne da zane da kiɗa da murya, kana karantawa kana dannawa, can sai a tsayar da kai a ba ka zaɓi biyu ko uku, abin da ka zaɓa shi zai kai ka ga yarinyar da za ka ƙare da ita, ko ya bar ka gwauro. Dokar Auta kowa ya san ta: ba ta leƙa amsa wurin waɗanda suka riga ta bugawa, ba ta kuma komawa baya ta gyara zaɓi. Inda bakinta ya kai ta nan take kwana. Tunda ta fara kuma ba ta taɓa ba wani wasa goma bisa goma ba.

Wasan da masu kallo suka zaɓar mata wannan karon tsoho ne, na wani saurayi da ke aiki a gidan biredin goggonsa tare da 'yanmata uku. Fassarar Hankaka ce. Shi wannan Hankaka babu wanda ya san fuskarsa, kawai dai shi ke juya wasannin nan zuwa harshenmu ya saki kyauta, kuma Auta ta sha faɗa a bainar jama'a cewa ba ta taɓa ganin namijin da ya san zuciyar mace kamarsa ba. Da ta je saukewa ta tarar an daɗe da cire wasan daga shafin. Sai ta tuna tana da kwafi a wani filashi da Yayarta ta damƙa mata ana gab da bikinta, wanda ta jefa a durowa ba ta ko duba ba, don a lokacin ko gaisuwar Yaya ba ta amsawa. Yaya ce ta tsaya kai da fata kan kada a yi auren, ba ta kuma kawo dalilin da zai shiga kunne ba. Shekara uku ke nan zumuncinsu bai wuce "ya gida" da "lafiya lau" in sun haɗu a ɗakin Mama ba. Auta ta ce a ranta filashi dai ba shi ya yi mata laifi ba, ta zaro shi ta jona.

Ta kwashe makonni tana bugawa, ta kuma faɗa wa masu kallo ra'ayinta ba ɓoye-ɓoye. Farkon wasan ja ne da shi kamar cingam. Barkwancin faranti da ke faɗowa kan saurayin an maimaita shi har gishirinsa ya fita. Amma kiɗan ya yi, goggon ta yi, sannan yarinyar nan mai jan gashi, masifaffiyar da ke jifan mutane da kwaɓin biredi, ita ta ɗauki wasan a ka. Hanyarta Auta ta bi, dama ba ta taɓa ganin masifaffiya a wasa ta wuce ta ba. Masu kallo suna tsokanarta wai jini ne ke jan jini.

Yau aka zo wurin da kowa ke jira. Bayan gidan biredi, ruwa na zuba, saurayin ya tare mai jan gashi zai faɗi abin da ke ransa. A irin waɗannan wasanni 'yanmatan ne ke da murya, shi saurayin rubutu ne kawai, don haka Auta ke ara masa tata. Ta gyara makirfo, ta kumbura murya irin ta maza, masu kallo suna ta turo dariya, ta karanta:

"Ni ba na neman ki canza komai. Ko masifar taki ma na saba da ita. Ranar da ba ki yi ba sai in ji kamar an ɗauke wuta a unguwa."

Ta tsaya.

Ta sake karantawa a zuci. Sai dariya ta kubce mata, har da dukan tebur, masu kallo suka ɗauka wasan ne ya kama ta. Ba su san ba baƙuwar magana ba ce a kunnenta. Kalma da kalma, haka mijinta ya faɗa mata a kan bencin da ke bakin wurin aikinsa, ranar da ya nemi aurenta.

Mijin Auta haƙoran roba yake haɗawa, shi ya sa dangi suke ce masa Mai Haƙori. A wurin aikin nasa ma suka haɗu, lokacin da ta zame a bene ta karya na gaba. Kafin aure bakinsa zuma ne, saƙonsa ɗaya sai ya sa ta wuni tana murmushi ita kaɗai kamar sabuwar kamu. Ana ɗaura aure mutumin ya koma bango. Ba ya faɗa, ba ya zagi, ba ya hana ta komai, amma in ka ji maganarsa ta wuce "sannu" da "na dawo" to wani abu ne ya lalace a gida. Auta ta yi kuka ta yi fushi ta gaji, ƙarshe ta riƙe maganar ranar benci ta zama jarinta. Duk sanda shirun ya ishe ta sai ta tuna, ta ce ai mutumin da ya iya faɗin wannan yana nan a ciki, nauyin baki ne kawai.

To ga shi yau ta kama shi. Ashe a wasa ya sato. Abin ya ɗan sosa mata rai, ba za a ce bai sosa ba, amma dariyar ta fi yawa, har ta fara tsara irin tsiyar da za ta yi masa in ya dawo. Rana dubu ta ɓarawo, in ji ta a zuci, ta danna don jin amsar mai jan gashi.

Muryar yarinyar ta fito a harshen Japanawa, gajeriya, kalma biyu ta yi shiru. Auta ba ta iya harshen ba, amma shekarun da ta yi tana saurare sun isa ta san cewa "ni ma" kawai aka ce. Rubutun da ya fito a allo kuwa ya cika akwatin har ƙasa. Bakinta ya riga hankalinta, ta fara karantawa da muryarta ta gaskiya:

"Ni tun ina ƙarama in aka zo rabon abu sai in ce na ƙoshi, don kada a ga ina so a hana ni. Har na girma a haka, kowa yana cewa ba ni da kwaɗayi. Yau dai ban ƙoshi ba. Ina..."

Ta janye bakinta daga makirfo.

Jama'a, saurayi zai iya satar magana a wasa. Amma wannan ba tasa ba ce. Tata ce. Ita ta faɗe ta da bakinta a kan bencin nan, tana wasa da zip ɗin jakarta don ta kasa kallonsa, kuma kafin ranar ko bayanta ba ta taɓa gaya wa wani mahaluki ba. Wasan kuwa sai a watan nan ta fara buɗe shi.

Saƙonni suna ta gudu a gefen allo. Wasu na cewa sun yi hawaye, wasu na cewa wallahi yau sai ta ba da goma. Can wani daɗaɗɗen mai kallonta da ke kiran kansa Kwaɗo Mai Gilashi, wanda ya buga wasan nan ta kowace hanya tun fitowarsa, ya rubuto:

"Alƙaliya, wannan babu a nawa. A nawa 'ni ma' kawai ta ce. Ta saurayin ma ba haka take ba."

Wata ta ce ita ma nata haka. Wani ya turo hoton allonsa. Kafin ka ce me, mutum ya fi goma sun shaida, kowa na tambayar inda ta samo wannan kwafin. Auta tana kallon rubutun yana rawa a idonta. Ta ce musu kanta ke ciwo, ta kashe. Ba ta taɓa barinsu a tsakiyar hanya ba sai yau.

Ba ta rufe wasan ba. Haka ta naɗe kwamfutar a hammata, ta zura takalmin da ta fara cin karo da shi, ta tari tasi. Direban ya yi ta waige yana neman inda kiɗa ke fitowa, don kwamfutar ba ta gama rufuwa ba, ɗan kiɗan gidan biredi mai daɗi yana ta zagayawa abinsa kamar ba abin da ya faru.

Wurin aikin Mai Haƙori ɗaki ne dogo a hawa na biyu, mai warin filasta da roba. Layin bakuna na filasta ne a kan kanta, kowanne a buɗe kamar suna jiran gulma. Shi kaɗai ne, Asabar abokin aikinsa ba ya zuwa. Yana sunkuye da takunkumi a hanci yana goge wani haƙori da ɗan inji. Ya ɗago ya gan ta, ya kashe injin, ya tambaye ta ko lafiya. Ta ture kayan aikinsa gefe, ta ajiye kwamfutar, ta buɗe, ta juya masa.

"Karanta."

Ya karanta. Ta ga idonsa ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya janye takunkumin a hankali, ya lalubi kujera ta baya ya zauna, saura kaɗan ya zauna a ƙasa.

"Kai ne Hankaka?"

Ya girgiza kai. Ya ce shi da harshenmu ma da ƙyar yake haɗa jimla, ina shi ina na Japanawa.

"To mutum biyu ne a kan bencin nan. Ni ban faɗa wa kowa ba. Wa ka ba maganata?"

Ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Sai dai yau Auta ba ta zo da haƙuri ba. Ta ce masa ga ta ga shi, ko za su kwana a nan sai ya yi magana, kuma in ya ce mata "sannu" za ta fasa bakunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya dubi bakunan, ya dube ta, ya ga ba wasa take ba.

Da ya fara, kansa a ƙasa yake. Ya ce tun ranar da ta zo gwajin haƙori ta yi masa masifa a kan launi ya ji duniya babu wadda yake so sai ita, amma ya san kansa, in ya tsaya gaban mace harshensa naɗewa yake. Ya ji ta ce tana son wasannin nan, sai ya nemo ɗaya don ya samu abin hira. Ya buga ya ƙare gwauro, ya sake ya ƙare gwauro. Takaici ya sa ya tura wa mai fassarar saƙo yana tambayar amsa. Hankaka ya yi masa dariya ya nuna masa. Daga nan hira ta yi nisa, rannan ya ce masa akwai wata ta gaske, mai masifa, ya rasa ta inda zai fara. Hankaka ya ɗauki abin wasa, ya turo masa magana uku, ya sa musu lamba kamar a allo, ya ce ya zaɓa. Ya zaɓa ya tura mata. Ta amsa da dariya. Ya kwafi amsar ya kai wa Hankaka, aka turo wasu ukun. Haka aka yi ta yi, wata da watanni.

Auta ta jingina da kantar, wani bakin filasta ya gangaro ta tare shi ba ta ma san ta tare ba.

Ta fara tambayarsa ɗaya bayan ɗaya, don akwai saƙonnin da ta haddace kamar karatu. Wanda ya turo ranar da aka sallame ta daga aikin rediyo, da ya ce su suka yi asara don sun kori rediyon sun riƙe akwatin? Ya ce ba nasa ba ne. Wanda ya ce haƙorin da ya yi mata kishi yake da shi don kullum yana cikin dariyarta? Ya ce shi ma. Ta ce ko wannan, da ya shafi sana'arsa? Ya ce eh, shi ne na biyu a cikin ukun.

"Ta ranar benci fa?"

"Haddacewa na yi. A banɗakin can na yi ta maimaitawa kafin ki iso."

"Wato buga ni ka yi. Ni hanya ce, ka bi da amsa a hannu."

"Ni nake zaɓa," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Duk ukun nake karantawa in ɗauki wanda ya yi daidai da abin da ke raina. Ban taɓa tura miki abin da ba na ji ba."

Wata dariya ta fito mata marar daɗin ji. Ita da ta yi suna kan cewa ba ta leƙa amsa, ita da ke zagin masu leƙawa a gaban dubban mutane tana cewa ba su san daɗin wasa ba, ashe da leƙen amsa aka aure ta. Abin da ya fi ƙona mata rai ba ƙaryar ba ce. Shekara uku tana zaune gefen mutum tana jiran wani ya fito daga cikinsa, ashe wanda take jira bai taɓa shiga ba.

Ta tambaye shi me ya sa to ya daina bayan aure, tunda ga mai turo masa. Ko ya ga an ci wasa ne, sai a rufe?

Ya ce ba shi ya daina ba, Hankaka ne ya daina. Ranar benci da ya koma gida murna ta hana shi zama, ya rubuta duk abin da ta faɗa ya tura, har maganar rabo da ƙoshi. Hankaka da ke amsawa nan take, ranar ya gani ya yi shiru. Da ya dawo ba barka ba komai, sai tambaya: yarinyar nan me take yi? Ita ce ƙarama a gidansu? Haƙorin nata na gaba ne, na hagu? Ya amsa duka. Daga nan bai ƙara samun magana uku ba. Duk shirun da ta gani tun daga lokacin, shi ne shi.

"Ya aka yi ya san na hagu ne?"

Mai Haƙori ya ɗago ya kalle ta, karo na farko tunda ya zauna.

"Ina kika samo wannan kwafin?"

"Yaya ce ta..."

Ba ta ƙarasa ba. Kiɗan gidan biredi ya kai ƙarshe ya sake ɗaukowa daga farko. Auta ta tsaya baki buɗe, ita da bakunan kan kanta ba za ka ce ga mai rai ba.

Yaya, wadda ta yi karatu a ƙasar Japanawa ta dawo. Yaya da ta fara ɗora mata hannu a kan irin wasannin tun tana sakandare. Yaya da in Mama ta zo rabon abu Auta ta ce ta ƙoshi, ita ce ke ɓoye rabin nata ta ajiye mata a ƙarƙashin filo ba tare da ta ce komai ba. Duk duniya in akwai wanda zai ga maganar nan ya gane mai ita ba sai an faɗi suna ba, ita ce. Namijin da Auta ke yabo a gaban jama'a wai ya san zuciyar mace, ashe ɗaki ɗaya suka tashi.

"Kai ka sani?"

Ya ce sai ranar da ya zo gaida Mama ya sani. Yaya ce ta raka shi bakin ƙofa, tana murmushi saboda idon mutane, ta ce masa ƙasa-ƙasa: zaɓi uku, ka gaya mata, ko ka rabu da ita, ko ni in gaya mata. Ya ce a nan ya gane da wa yake magana duk watannin nan, ya ji kamar ƙasa ta tsage.

"Wanne ka zaɓa?"

"Babu. Shiru na yi."

Auta ta ciro waya. Ta kira Yaya. Ta sa a amsa-kuwwa ta ajiye a kan tebur tsakaninsu, kusa da haƙorin da bai gama gogewa ba. Ringin ɗaya aka ɗauka, kamar wayar na hannun mai ita.

"Auta? Mama ce? Wani abu ya samu Mama?"

Wannan tambayar ta soki Auta, don ta nuna mata iyakar abin da ya rage tsakaninsu. Ta ce Mama lafiya lau.

"Na buɗe filashin, Yaya. Na kai bayan gidan biredi."

Auta ta ji an ja numfashi, ta ji kamar an ja kujera.

"Yanzu? Sai yanzu, Auta? Kafin biki na ba ki."

Auta ta tambaye ta me ya hana ta faɗa da baki kamar kowa. Yaya ta ce ta zo ɗakinta ba sau ɗaya ba, tana buɗe baki ake ce mata baƙin ciki take don ƙanwa za ta riga ta. Kuma da wane ido za ta dubi ƙanwarta ta ce saƙonnin da kike karantawa kina rungume filo ni nake rubutawa a ɗakin da ke kusa da naki? Ta ce kunya ta hana ta, tsoro ya hana ta. Amma ta san abu ɗaya, ko Auta ba ta saurari mutum ba, ba ta barin wasa a rabi, kuma masifaffiya za ta bi. Shi ya sa ta zauna ta yi mata kwafi nata ita kaɗai, ta sa maganar a hanyar mai jan gashi, ta ƙiyasta mako biyu sun isa ta kai wurin. Ba ta taɓa kawo wa ranta durowa ba. Da ta ga an yi biki ba a ce komai ba, sai ta ɗauka Auta ta gani ta zaɓi mijinta, ita kuma ta yanke ta.

"Duk shekarun nan na ɗauka kin sani, kin ƙi yafe min ne."

"A gaban masu kallo na karanta, Yaya. Kai tsaye. Da bakina."

"Innalillahi," in ji Yaya, a hankali. Ta sake faɗa. Mai Haƙori ya sa tafin hannu ya rufe fuska, farin filasta ya ɓata masa goshi.

Auta ta share ido da bayan hannu. Ta ce yanzu ita ta rasa wa ta aura. Wanda ta so ba shi da jiki, wanda ke da jiki ba ta san shi ba. Ta ce tana so Yaya ta gaya mata, tunda ita ta rubuta komai, ko akwai kalma ɗaya tak ta mutumin nan a duk abin da ya shiga tsakaninsu, don in babu ba ta ga abin da za ta koma gida ta tarar ba.

"Yana kusa da ke?"

"Ga shi yana ji."

"To ya ji. Kin ƙarasa hanyar, ko a nan kika tsaya?"

"A nan na tsaya."

Yaya ta ce akwai saura. Ta ce daren ranar da ta ba shi zaɓi uku, bai zaɓa ba, gaskiya ne, amma ya turo mata saƙo. Dogo, ba tsari, ba waƙafi, cike da kuskure, wanda babu wanda ya taya shi ko harafi. Ta ce ta karanta ta rasa ko ta tsine masa ko ta yi masa kuka, har yau kuma ba ta yanke ba. Sai ta ɗauke shi yadda yake, ba ta gyara komai ba, ta sa a bakin saurayin, a allon da ke bin wanda Auta ta tsaya.

"Ni na kasa ba shi maki. Ke ce Alƙaliya."

Mai Haƙori ya miƙe da saurin da Auta ba ta taɓa ganin ya yi ba, kujerar ta kife a bayansa. Ya ɗora hannu a kan murfin kwamfutar. Bai rufe ba, ya dai riƙe, fuskarsa ta yi fari kamar kayan aikinsa.

"Don Allah kada ki danna. Ban san ta ajiye ba. Ba ke na rubuta wa ba."

"Naka ne?"

"Nawa ne. Shi kaɗai ne nawa." Ya dubi allon. "Akwai abin da na faɗa a ciki da in kin karanta ban san ko za ki ƙara kwana a gidana ba."

Auta ta dubi hannun nasa, ta dubi mai jan gashi da ke tsaye cikin ruwa tana jira, da 'yar kibiyar da ke ƙyaftawa a ƙasan akwatin rubutu.

"Ɗauke hannunka."

Ya ɗauke.

Ta danna.